Fankar da Ke Bisa Kan Iya

Shekara huɗu na yi ina kula da rezo, wato layin intanet, a wani biro, ofishin da ke rubuta sunayen manoma masu karɓar irin shuka, nan cikin Zinder. Har yau in na tuna zancen fankar nan sai raina ya ɓaci.

Akwai akwatin ƙarfe manne da bango, a cikinsa na'urar da ke raba rezo ga ɗakunan biro duka. Ƙarƙashinsa aka ajiye teburin sakatariyarmu, wata dattijuwa ƴar asalin Barno mai zama a unguwar Kara-Kara, wadda muke kira Iya. Cikin na'urar akwai ƴar fanka mai sanyaya ta, ba ta fi kwalin ashana ba. Ita ce ta fara kuka. Da fari kamar sauro, daga baya kamar injin markaɗe da tsakuwa ta faɗa masa.

Da jin sautin na san fankar ta cinye. Na ciro wata mai lafiya daga tsohuwar na'ura da ta mutu, na sa a aljihun teburina. Aikin minti goma sha biyar ne, amma sai an kashe na'urar, kuma makullin akwatin yana hannun shef ɗinmu, shugaban biron. Na same shi a ɗakinsa, can ƙarshen baranda, ƙofa rufe, sanyi na ratsa shi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in kashe rezo na ɗan lokaci in canza fanka."

"Rezo na aiki?"

"Yana aiki, amma Iya..."

"Abin da ke aiki ba a taɓa shi. Ja mini ƙofar."

Sau biyar na koma cikin wata uku. Iya ta fara toshe kunnuwanta da auduga. Manomi zai faɗi sunansa, ta ce ya sake, ya sake, har ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren gona. Kafin azahar idanunta sun yi ja. Ba ta taɓa kai ƙara ba, sai dai ta dube ni ta ce, "Ɗana, ba labari?" In ce mata ana nan ana dubawa.

Wata safiya cikin bazara, manoma daga Garagumsa da Zermu suka cika inuwar bishiyar dogon yaro da ke biro. Ni ina wani ɗaki ina fama da na'urar buga takardu. Iya ta gaji, ta ninke mayafinta ta lulluɓe akwatin don ƙarar ta ragu. Ta ragu kuwa. Amma iska ta rasa hanyar fita, na'urar ta yi zafi ta kashe kanta, rezo ya ɗauke.

A lokacin ne shef ya san hanyar ɗakinta. Na iske shi ya fizge mayafin ya jefar a ƙasa, gaban manoma.

"In tsufa ya hana ki aiki, ki koma gida ki yi renon jikoki," ya ce.

Matar da ta haifi kamarsa. Ta sunkuya ta ɗauki mayafinta tana kakkaɓewa. Wani tsoho cikin manoman ya kawar da kai.

Na ce, "Ba tsufanta ba ne. Wata uku ina roƙonka makulli. Ka zauna a kujerar nan yini ɗaya ka ji."

"Da ni kake?"

"Da kai nake. Ba ni makullin."

Ya jefo shi kan tebur ya fita. Na buɗe akwatin, na ɗauko turnabis, abin kwance kusa. Na kwance kusoshi huɗu, na zare wayar tsohuwar fankar, na ɗora mai lafiyar, na duba cewa waje take tura iska. Na bar na'urar ta huce, na kunna. Fitilunta suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin maganar mutane a waje.

Iya ta cire audugar, ta karkata kai.

"Ka gama, ɗana? Ni fa har yanzu ina jin ta."

A gidan likita suka ce kunnenta na hagu ya taɓu. Ni kuma washegari na samu takardar neman bayani kan rashin ladabi. Na amsa ta da layi biyu. Shef bai ba ta haƙuri ba, kuma kafin damina ta faɗi ta ajiye aiki.

Na daɗe ina jin haushinsa, amma akwai nawa laifin da na fi jin zafi. Kwaɗon akwatin nan ƙarami ne, irin na akwatin tufafi. Da filaya zan iya karya shi tun makon farko, in sha faɗa, a wuce wurin. Ban yi ba saboda ina tsoron takarda, ga shi kuma ban tsira daga gare ta ba.