Baki Nawa?

A unguwarmu ta Kasalgu, in aka ce Mashudatu mai tukunya ba wanda zai tambaye ka wacce. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara ashirin da biyar ke nan tana dafa wake da shinkafa a wajen suna da biki. Ka faɗa mata yawan mutane, ta lumshe ido, ta ce maka kwano kaza na shinkafa, kwano kaza na wake. Ban taɓa jin abincinta ya gaza ba.

Tana aji biyu a ƙaramar sakandare mamanmu ta kwanta ciwo. Yaya ta ajiye jaka ta ɗauki muciya, ni kuma na ci gaba da karatu har na zama malamar asibiti. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma na sha ganin yadda take kallon takardun shaidata da ke rataye a bango, kuma abin yana ci mini rai.

Bara aka buɗe wani aji a unguwar Vittin na koyon rubuta manhajar kwamfuta, ga duk mai so. Mutum talatin aka ɗauka, amma goma kaɗai za su wuce mataki na biyu, waɗanda manhajarsu ta tashi ta yi aiki a gaban kowa ranar gwaji. Da Yaya ta ce ta ba da sunanta, dariya na yi har da riƙe ciki.

"Yaya, ke da wayarki ma ni nake saita miki?"

"Za ki kai ni a babur ɗinki ko in hau keken haya, yalo-yalon nan?" Iyakar amsarta ke nan.

Na kai ta. A hanya ta faɗa mini abin da ya kashe mini dariya. Ta ce tana so, ko da sau ɗaya a rayuwarta, a kira sunanta a makaranta a ce ta ci.

Malamin ajin sunansa Suhuyini, Badagombe ne, dogo, mai haƙurin tsiya. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Shi ya koya musu cewa kwamfuta ba ta jin abin da mutum ya rubuta sai ya bi ta hannun wani tafinta da ke cikinta, wai shi kwamfaila. Tafintan nan kuwa ba ya da kara. Ka manta ɗigo ɗaya, ya ƙi aiki, ya zubo maka jan rubutu da Turanci.

Makon farko Yaya ta dawo ta sha kunu, ta kira ni. "Adizatu, abin nan zagina yake yi. Ko uwar miji ba ta kai shi tsegumi ba."

Da ta kai wa Malam Suhuyini kukanta, shi da yake kiranta Mma, wato mama, ya ce mata, "Mma, ba zagi ba ne. Kai karanta layi na farko kawai. Shi ya gaya maka wurin da ciwo yake."

Ta riƙe maganar. Ta sayi littafi, duk jan saƙon da ya fito ta kwafe shi, ta rubuta maganinsa a ƙasa da Hausa. Ba ta da kwamfuta a gida, don haka da la'asar, in ta sauke tukwane, a takarda take rubuta manhajarta, tana bin layi da yatsa tana motsa leɓe. Wadda ta shirya wa gwaji ba wata mai wuya ba ce: ka sa yawan mutane, ta ba ka awon shinkafa da na wake. Kuma tunda Malam ya ce kowa yana iya raɗa wa abubuwan cikin manhajarsa suna da yaren da yake so, sai ta yanke cewa a wannan karon da Hausa za ta sa nata.

Ranar gwaji Juma'a ce da safe. An ba kowa awa ɗaya ya shigar da aikinsa, kuma ba taimako. Mu 'yan rakiya muna tsaye a bakin taga. Yaya ta zauna tsakanin samari da 'yan mata sa'annin 'ya'yanta, tana buga haruffa da yatsa biyu. Ta gama, ta danna.

Allon ya cika da ja. Na ƙirga daga taga, saƙo goma sha huɗu. 

Ta duba ɗigo-ɗigonta, duk suna nan. Ta buɗe littafinta ta bi shafi-shafi, babu irin wannan saƙon a ciki. Gumi ya karyo mata har ɗankwalinta ya jiƙe. Na gefenta suna ta ɗaga hannu, nasu ya tashi. Na ga ta kama hannun jakarta, na ce shi ke nan, tafiya za ta yi. Sai ta saki jakar, ta gyara zama, ta koma kan layin farko na jan rubutun.

Saƙon yana cewa a layi na biyar an buɗe wata alama ba a rufe ba. A ƙarƙashinsa ga ɗan ƙaramin tsini yana nuna wurin. Ta bi tsinin da farce har ya kai ta kan kalmar da ta raɗa wa yawan mutane: jama'a. Daidai kan 'yar alamar nan da ke tsakanin a da a.

Ashe a wurin kwamfaila wannan alamar biyu-biyu take tafiya kamar takalmi. Ya ga ƙafa ɗaya, ya tsaya neman ɗayar, daga nan duk abin da ya biyo baya ya rikice masa. Ba wanda zai yi wannan kuskure a ajin sai ita. Sauran da Turanci suka sa sunayensu, masu jin Hausar cikinsu ma ba sa rubuta ta. Mu kuwa babanmu, Allah ya jiƙansa, da jaridun Hausa ya koya mana rubutu a zaure, kuma in ka bar kalma ba alamarta sai ka sake shafin.

Gyaran mai sauƙi ne, ta goge alamar ta bar jamaa. Na ga ta goge, ta ƙura wa kalmar ido, ta yi tsaki. Ba za ta iya barin ta haka ba, ko da agogo yana cinta. Ta share kalmar gaba ɗaya, ta so ta rubuta baƙi, ta tarar allon haruffan ba shi da ƙ mai lanƙwasa. Sai na ga ta murmusa. Ta rubuta baki, ta bi duk wuraren ta canza, ta danna.

Jan rubutu ya ɓace tas. Allon ya fito da tambaya ɗaya: Baki nawa?

Malam Suhuyini ya zo ya leƙa. "Mma, baki? Wanda ake ci da shi?"

"To da me ake cin abincina, Malam? Shekara ashirin da biyar baki nake ƙirgawa."

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya sa ɗari uku da sittin. Kafin ya danna ta riƙe masa hannun riga, ta lumshe ido. "Shinkafa kwano sha takwas, wake tara." Ya danna. Sha takwas da tara suka fito. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa daga bakin taga ba, har mai gadi ya taso.

Kafin a tafi masallaci Malam ya tsaya da takarda ya karanta sunaye goma. Nata ne na huɗu.

"Mashudatu Buraima. Ya ci."

Yaya ta miƙe tsaye, ta gyara mayafinta. Na san ta ji sarai, don ni ma da nake waje na ji, kuma hawaye sun riga sun wanke mini fuska.

"Malam," in ji ta, "fanka tana ƙara. Maimaita."

Ya maimaita da ƙarfi.