Kyamarar Kaka a Tashar Mota

Ina zaune a bencin tasha, kusa da ni wata tsohuwa tana riƙe da 'yar kyamara da ba ta fi sabulun wanka ba. An ɗaure murfin batirin da roba. Da ta kunna, idon ya leƙo waje a hankali kamar kan kunkuru.

Jikarta na tsaye a ƙofar mota, za ta tafi karatun jinya, sai baɗi za ta dawo. Direba sai hon yake yi.

"Kaka, ga waya, ki ɗauka da ita mana."

"Wayar da ke mayar da mutum fari kamar an wanke shi da omo? Matsa cikin haske."

Ta danna, kyamara ta ƙi. Kati ya cika, sai an goge hoto ɗaya.

Tana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, hancinta a jikin gilashi. Ni kuwa, da ido ba ya zama wuri ɗaya, na leƙa: jarirai iri-iri, wani dattijo a kan keken ɗinki, shi ɗin dai a gadon asibiti. A nan yatsanta ya daɗe. Ina jin mijinta ne, kuma ya riga mu gidan gaskiya.

"Kaka, kwana za mu yi?" in ji direba.

Tsohuwar ta iso kan hoton kanta, wanda ta sha ado a ciki, ta goge shi ko ƙifta ido babu.

"Kaka! Shi kaɗai ne naki!"

"Ni ina nan, ke ce mai tafiya. Ɗago kai."