Ruwan Alhamis a rufin gidanmu

A shekarata ta ƙarshe a sakandare, malamar labarin ƙasa ta raba mana ma'aunin ruwan sama: doguwar kwalba mai lambobi a jiki, da mazurari a baki. Ta ce a kafa a fili, nesa da bango, a duba kowace safiya har wata biyu, a rubuta. Makin darasin duka a kansa yake. A Jidda fa, inda gajimare kan leƙo ya ga ba nan aka aike shi ba, ya wuce.

Na kafa nawa a rufin gidanmu na unguwar Ammariyya, can gefen igiyoyin shanya. Mako biyu ina hawa, in durƙusa ido daidai da lamba yadda aka koya mana, in rubuta sifiri. Sai wata Alhamis na tarar da ruwa a gindin kwalbar. Alhamis ta gaba ma haka. Na soma rubuta waƙa a bayan littafin da nake sa lambobin, kan wani gajimare mai kunya da ba ya kuka sai a rufinmu.

Na karanta wa Umma. Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gajimaren naki da sabulu yake zuwa? Hau ki shinshina."

Na hau. Ƙamshin wanki ne tsaf.

"Tun da na lura da kwalbar nan, ni nake tura ta inuwar shanya duk Laraba in na yi wanki," in ji ta da na sauko. "Kayan makaranta ne. In rana ta fasa, wa za a kira? Babanki! In na kwashe kaya sai in mayar miki wurinta. Yalla, maza miƙo faranti."

Na goge lambobin ɗaya bayan ɗaya, na mayar da sifiri. Waƙar ce ta fi wuyar yagewa.

Ranar miƙa aiki, malama ta bi shafina da jan biro.

"Sifiri tun daga farko har ƙarshe? Ya binti, ko rufin ba ki taɓa hawa ba. Halas, shi ke nan, zauna."

Rabin maki ta ba ni. Sannan ta ɗaga littafin wadda muke zama benci ɗaya, 'yar unguwar Aziziyya, cike da lambobi, ruwa kusan kullum, ta ce ga mai himma. Na san barandar gidansu. Na kuma san na'urar sanyaya ɗakin maƙwabcinsu na sama, da daidai inda take ɗiga.

A gida Umma ta ce da na bar wankinta a littafin, da ya ci mini jarrabawa.