Ɓawon Gyaɗa

Da Inna za ta zo Manchester ganin likita saboda tarin da ya ƙi barin ta, Yaya ya buga waya gida ya ce tsaraba ɗaya yake so: ɓawon gyaɗa, ko da kwano biyu ne.

Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana da shi ta kaina take bi. Inna ta juya saƙon a ranta, ta yanke cewa kwaɗayin gyaɗa yake yi, kunya ta hana shi faɗa. Wa zai hau jirgi da shara? Sai ta ɓare, ta soya da yashi, ta cika kwalabe. Ɓawon kuwa ta hura wuta da shi.

Ranar da Yaya ya zo gidana a unguwar Cheetham Hill ta Manchester ya ga kwalabe jere, na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba, kuma na san dalili. Likita ya ce huhun Inna kamar na wanda ya shekara da shekaru yana busa sigari, alhali hayaƙin murhu ne kawai. Yaya kuwa binciken da yake yi ke nan a Edgbaston, can Birmingham: a turara itace ko ɓawo cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe da iska kaɗan, yadda ba zai ci da wuta ba sai dai ya fitar da tururinsa, a tace kwaltar da ke ciki, a bi da shi ta kan wani sinadari mai zafi har ya zama gas irin na girki. Burinsa shi ne Inna ta gani da idonta kafin ta koma gida.

Na tausaya masa. Na shiga shagon 'yan sari na sayo buhun gyaɗa mai ɓawo. Inna ta miƙe ƙafa a kan kafet tana ɓarewa, tana tari, tana mita.

"Ke, tambayi yayan naki, duk bokon nan da ya yi, ƙona gawayi ya koyo?"

"Inna, research ne fa."

"Ko ma mene ne. Ni dai an mai da ni 'yar ƙwadago a Ingila."

Amma ko ƙwaya ɗaya ba ta bari a cikin ɓawon ba, har sheƙe shi ta yi da faranti.

Bayan 'yan makonni Yaya ya ce mu hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. A ɗakin gwajinsa aka ɗora wa Inna tabaran kariya a kan hijabi, tana ta harare-harare. Ya nuna bututun da ɓawonta ya bi, ni yake yi wa bayani amma da ita yake. Sannan ya murɗa wani ɗan famfo, ya kunna.

Wuta ta tashi shuɗiya, tsit, ko ƙara babu.

Inna ta sunkuya kamar yadda ta saba a gaban murhu: ta runtse ido, ta toshe hanci da gefen hijabi, tana jiran yajin hayaƙi. Ta jira. Ta saki hijabin, ta ja numfashi a hankali, ta sake ja. Tari bai zo ba.

"Wannan daga ɓawon da na ɓare ne?"

"Shi ne, Inna," in ji ni.

Ta daɗe tana kallon wutar. Ta juyo gare ni, ta fara, "Ki ce masa..." sai ta fasa. Ta waiwaya, ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

"Allah ya yi maka albarka."

Yaya ya cire tabaransa yana murza ido, wai hayaƙi ne ya shige masa. Babu hayaƙi a ɗakin.