Ranar da Tapin Inna Ya Zaga Bene

Matso kusa, jawo waccan kujerar ƴar tsugunno, in ba ka labarin ranar da karamci ya kusa raba ni da ɗakina. Kada ka fara dariya tun yanzu, bari sai mun kai wurin.

Gidan da nake ciki bene ne a wata unguwa ta Tawa, ɗakuna sama, ɗakuna ƙasa, kowanne ciki da falo, famfo ɗaya a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar bedi. Ƙungiyarmu ta masu ƙananan sana'o'i ce ta gina shi, wadda muke ce wa kofaratif. Sharaɗin shiga ɗaya ne, sai mai ƙaramin ƙarfi. In Allah ya buɗa maka, ka tashi ka ba na baya wuri, don akwai masu jira da sunayensu a rubuce. Shi ya sa lokaci-lokaci ake turo mutum daga biro, wato ofishin hukuma, ya leƙa ya ga yadda kowa yake zaune.

Ni na shigo bayan rasuwar maigidana. Kafin nan ina wani ɗakin haya da in hadari ya taso sai na jera kwanoni a ƙasa kamar mai tallan su. Ƴar Kalfu ce ni, ban taɓa kwana a saman kan mutane ba, satin farko da salati nake sauka matakala, hannu biyu a bango. Amma da na saba, wayyo daɗi. Iska tana shigowa ta gaba ta fita ta baya, ba akuyar da za ta sa baki a tsakina. Fura nake yi, in daka a ƙasa, in dama a sama, masu saye su hawo su same ni. Fita ba ta dame ni ba. Lakwal kuwa, wato boko, aji uku na yi aka cire ni, sai dai Allah ya ba ni kunne. Ina zaune zan gaya maka wa ke hawowa, daga jan takalminsa kawai. Na san tarin kowa a gidan nan, har da na fankar maƙwabciyata mai ɗinki, wadda nake kira Yaya. Fankar nan in ta juya dama lafiya lau, in ta dawo hagu sai ta yi ƙat-ƙat-ƙat sau uku, kamar tsohon da goro ya shaƙe.

To, wata Talata shugaban kofaratif ɗinmu, tsohon direba ne, muna ce masa Baba farzidan, ya tara mu gindin bedi. Ya ce ranar Alhamis da hantsi baƙuwa za ta zo daga biro, kuma daga sama za ta fara, ɗakina ne na farko. Ya ƙara da cewa kowa ya bar ɗakinsa yadda yake. Wannan maganar ta ƙarshe, na rantse ba wadda ta ɗauke ta. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnen mata: baƙuwa.

Ka san mu mutanen Adar. Baƙo ba ya ganin rashinka. Ranar da dangin mijin ɗiyata suka zo gaisuwa, ba cokali ɗaya nawa a ɗakin nan, duk na maƙwabta ne, kuma kowa ya san haka ake yi, har su baƙin.

Laraba da la'asar sai ga Inna ta hawo. Inna ita ce tsohuwar gidan, a ƙasa take, hawa bene a wurinta tafiya ce ta guzuri. Ta tsaya bakin ƙofa tana haki, ta dubi tabarmata, ta dubi akwatin ƙarfena, ta dubi ni.

"Ke ɗiyar nan, nan za ki aje baƙuwar gwamnati? Bisa wagga tabarma da ɓera ya yi wa ƙofa?"

Na ce, "Inna, ai farzidan ya ce a bar komi yadda yake."

"Farzidan namiji ne, mi ya sani? Ɗakinki za a hwara gani, in kin ji kunya mu duka munka ji ta."

Kafin magariba kaya sun fara hawa. Tapin Inna ya zo, wato kafet ɗinta, ja mai furanni, wanda ɗanta ya aiko mata daga Abijan, da tabon ƙuna a gefe ɗaya inda dutsen guga na gawayi ya taɓa zama. Yaya ta kawo fankarta mai tari da kujerun roba biyu. Matar farzidan ta aiko da tele, wato talabijin, a lulluɓe cikin zane, ta ce kada maigidan ya ji. Da safe Yaya ta ɗaura mini leshin wata amarya da ba a zo karɓa ba tukuna, ta maƙala mini ƴan kunne masu ƙyalli. Na dubi madubi, ni kaina sai da na gaishe ni.

Da hantsi na ji takalmi mai tsini yana hawowa, ƙwas, ƙwas, da jan silifas ɗin farzidan a baya. Wata mata ce ba ta kai ni shekaru ba, da tabarau da babban kaye, littafin rubutu, a hammata, kowa Madam yake ce mata. Ta yi sallama, ta shigo, ta dubi ɗakin daga sama har ƙasa.

"Sannu Hajiya."

Ni da ko Konni ban cika zuwa ba, yau ni ce Hajiya. Daɗi ya kama ni har kunne.

Farzidan kuwa yana shigowa idonsa ya faɗa kan telensa. Ya gyara hula. Ina zai ce na gidansa ne a gaban baƙuwa? Ya nemi gefe ya rakuɓe.

Madam ta zauna, na kunna mata fanka, ƙat-ƙat-ƙat. Ta buɗe kaye ta ce yaya kasuwar fura. To ni me zan ce? An taɓa tambayar mutum sana'arsa ya yi kuka? Na ce, "Sai godiya, Madam, ba mu da abin cewa, ko yaushe ƙwarya a wanke take komawa." Ta rubuta. Ta ce kayan nan fa? Nan ne Shaiɗan ya zauna mini a kan harshe. Na gyara ɗaurin leshi na ce, "Ai wannan kaɗan ne." Na ji farzidan ya yi wani nishi a bayana.

Ta daɗe tana rubutu. Sannan ta cire tabarau ta ce, cikin ladabi ƙwarai, "Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai kin san ƙa'idar gidan nan. Yadda na ga ɗakinki, zan rubuta a sake duba zamanki, don akwai wata mai marayu huɗu da ke jira tun bara."

Wallahi sai na ji leshin nan ya zama bargo. Kwanonin da nake jerawa a ɗakin haya suka dawo mini a ido ɗaya bayan ɗaya. Bakina ya cika da magana, amma ta ina zan fara? In ce tapin na Inna ne, in ce ko zanen jikina na wata amarya ne? Na haɗiye, na ce, "To, Madam." Har da rakiya bakin ƙofa.

Ashe ban ga komai ba. Ɗakunan sama duk baranda ɗaya ce ta haɗa su ta baya, inda muke shanya. Madam tana fita ta gaba, farzidan ya tsayar da ita yana nuna mata inda matakala ta tsage, shi kuwa in ya fara bayani sai an yi masa birki. Ina juyowa na ga ƙafar tapi tana fita ta ƙofar baya. Yaya da wasu mata biyu sun naɗe shi, ɗaya ta rungumi tele, ɗaya ta saɓa fanka. Na ce, "Yaya, tsaya ki ji!" Ta ce, "Ke kin gama naki, bar mu mu fita kunya," ta wuce fuu.

Na zauna a kan tsurar siminti, ni da leshi. Bangon da ke tsakanina da Yaya ba kauri gare shi ba. Na ji sallama, na ji an ja kujerar roba, na ji ƙat-ƙat-ƙat. Na ji Yaya tana cewa ɗinki sai godiya, har mayar da mutane take yi. Yaya da ta yi sati biyu keken ɗinkinta bai yi kuka ba in ban da leshin da ke jikina! Can sai na ji muryar Madam, kalma a kan kalma irin wadda ta gaya mini. Ba a jima ba na ji sawun mata a baranda, kaya sun nufi ɗaki na uku, don su waɗancan ba su san abin da ake ciki ba.

Nan na ga in na ƙara yin shiru, kafin azahar tapin nan zai kore mu duka daga sama. Na tuɓe leshin, na ɗaura tsohon zanena mai tabon nono, na bi ta gaba na yi sallama a ɗaki na uku. Madam tana zaune, ƙafarta daidai kan tabon dutsen guga. Matan baranda sun leƙo ta taga.

Na ce, "Madam, don Allah ki saurara." Muka yi shiru. Fanka ta tafi dama, ta dawo hagu, ƙat-ƙat-ƙat. Na ce, "Wannan tarin, ba ki ji shi a ɗakina ba?"

Ta dubi fanka, ta ɗaga ƙafa ta dubi tabon ƙunar, ta dubi zanena. Sai ta kife kaye a fuska, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Ni dai na ce ko ɗan kasuwa ɗaya ne ya sayar muku, har da ƙunar! To telen fa, na wa ne?"

Farzidan ya ɗaga hannu a hankali kamar ɗan aji.

Dariyar da aka yi ta kai ƙasa, amma aiki bai ƙare da dariya ba. Madam ta ce sai kowane kaya ya koma gidansa, a sake farawa daga ɗakina. Wannan ne ya yi mini zafi, in gaya maka gaskiya. Na tsaya tana kallon tabarmar da ɓera ya ci, da akwatin ƙarfe, da ƙoren fura uku. Ta sake tambayar kasuwa, na runtse ido na faɗi yadda take, ranar samu da ranar da nake shanye sauran da kaina. Ta ja layi a kan rubutun farko. Ta zauna a tabarmar nan ta sha furata ludayi bayan ludayi, ta ce ita ƴar Affala ce, gadon da aka kai ta ɗaki da shi ma kwana bakwai ya yi ya koma wurin mai shi. Da za ta tafi ba ta ce Hajiya ba, cewa ta yi, "Sai an jima, Iya." Ɗakina ya tsira, na Yaya ma haka.

Inna kuwa kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce na kwance wa gida zane a gaban baƙuwa. Rana ta huɗu na sauka da fura mai sanyi, ta karɓa tana harara, ta shanye, ta ce nonon ya yi tsami. Daga nan na san an shirya.

Bana ma an ce Madam tana tafe. Jiya na ji Inna tana hawowa, mataki ɗaya hutu ɗaya, tana jan wani abu mai nauyi a bayanta. Ta jingine shi a ƙofata ta ce, "Ban da tele, ban da fanka, na ji. Amma baƙuwa ba ta zama bisa siminti ina raye." Ga shi can a naɗe bayan ƙofa, tun jiya nake zagaya shi. Kai da ka ji labarin tun daga farko, in kai ne, shimfiɗa shi za ka yi ko za ka bar shi a naɗe?