'Yan Dubiyar Babana

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Baba ya faɗi daga kan babur a hanyar bakin kanal, magudanar ruwan noman rani. Ya ɗauko kwandunan tumatir zai kai bakin titi, tayar gaba ta zame a laka, kansa ya bugi kankare. Ya kwana goma sha ɗaya a asibiti a Kano bai san inda yake ba. Da aka dawo da shi gida, an aske masa rabin kai, ga ɗinki daga saman kunne har ƙeya. Yana tafiya idan an riƙe shi, yana cin abinci da kansa. Magana ce ta zame masa aiki. Kalma takan zo masa har baki ta tsaya, sai ka ga yana nemanta da ido a jikin bango.

Likita ya ba Umma takarda, ni na karanta mata saboda ita ba ta yi boko ba. A rage hayaniya. A bar shi ya yi barci. A yi masa magana ɗaya bayan ɗaya, kada a matsa masa da tambayoyi. Umma ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin katifa, domin a ranar ma an riga an fara sallama a zaure.

A garinmu ba a hana dubiya. Wanda ya zo duba mara lafiya lada ya zo nema, kuma gidan da ya mayar da shi ya jawo wa kansa magana. Suka yi ta zuwa, daga Kura, daga Bunkure, har da abokan cinikinsa na Kadawa, da ledojin lemo da ayaba. Ni ba ni da baki a gaban mutane, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Aikina kai ruwa da kwashe kofuna. Sai na koma ƙirga takalma a ƙofar ɗakin Baba. Ranar da takalma suka yi yawa, ranar ba zai ce uffan ba har magariba, ko tuwo sai ya ture.

Kuma kowa da tambaya ɗaya yake shigowa. Zai durƙusa, ya kawo fuskarsa dab da ta Baba, ya ɗaga murya kamar kurma yake wa magana: "Ka gane ni? Wane ne ni?"

Na tsani wannan tambaya. Har yau idan na ji ta, ko a waya ce cikin wasa, ba na amsawa. Baba zai kalli mutumin, leɓensa na rawa, babban yatsansa na hagu yana murza gefen bargo. Ni kaɗai na lura da yatsan nan. Idan ya fara murzawa, ya gaji ke nan. Idan ya kasa kawo sunan, sai mai tambaya ya juya ga sauran ya ce, "Allah sarki, bai gane ni ba," kamar shi aka yi wa rashi. Wanda ya ci sa'a aka ambaci sunansa kuwa sai ya fita yana baza labari. A gabansa suke cewa, "Da can mutum ne mai kaifin kai." Da can! Yana kwance yana jin su.

Wanda ya fi kowa shi ne Baffa, yayan Baba. Ba mugu ba ne, shi ya kwana a barandar asibiti duk kwanakin nan, shi yake kula mana da gonar albasa. Amma ya ɗauka tambayar magani ce. "Ƙwaƙwalwa sai ana motsa ta," in ji shi, "kamar injin ban ruwa, in ka bar shi ya yi tsatsa." Shi yake jawo mutane, ya jera su, ya nuna kowanne da yatsa.

Cikin mako na uku Baba ya daina ƙoƙari gaba ɗaya. Da ya ji sallama sai ya juya fuska bango. Ko ni na ce masa ina kwana, sai dai ya ɗaga hannu. Na fara tsoron kalmomin da suka rage masa ma za su tafi.

Akwai wata mata 'yar Filato, matar mai gyaran injin ban ruwa, muna kiranta Maman 'Yan Biyu. Ta zo wata Laraba da hantsi, ba kowa. Ta zauna nesa kaɗan, ba ta ɗaga murya ba.

"Sannu, maigida. Ni ce matar mai gyaran inji, ta bayan makaranta. Ba sai ka amsa ba, gaisuwa kawai na kawo." Can ta ce, "Na bi ta gonarku jiya, an saki ruwa. Albasar nan ta yi kyau fa."

Baba ya daɗe fuskarsa na kallon bango. Sannan ya juyo a hankali ya ce, "Kada a... cika mata ruwa. Za ta ruɓe."

Rabona da jin magana mai tsawon wannan daga bakinsa tun kafin hatsarin. Na raka ta zaure, na daure na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce ƙaninta ya taɓa faɗowa daga mota. "Ki gaya masa ko ke wace ce, ki ba shi labari, ki jira. Kin taɓa ganin wanda yake son jarrabawa yana ciwon kai?"

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baffa ya shigo da manoman layin kanal ɗinmu. Takalma ƙafa tara. Na shiga da tiren ruwa na tarar an fara.

"Wannan fa?" in ji Baffa. "Dube shi. Tare kuka yi makarantar allo. Faɗi mana!"

Yatsan Baba yana kan bargo yana murzawa. Wani mai jar hula ya ɗaga yatsu uku a gaban idonsa. "To, nawa ne wannan?" Wani daga baya ya ce, "Ai kai in ya taɓu, sai haƙuri." Baba ya juya bango. Daga inda nake tsaye na ga hawaye ya gangara ya shiga kunnensa.

Ban san na dire tiren da ƙarfi ba sai da kofi biyu suka kife.

"Baffa, likita ya ce a daina tambayarsa." Duk suka juyo suna kallona. "Yana jin ku. Duk abin da kuke faɗa yana ji. Ku ne kuke hana shi magana."

Mai jar hula ya yi dariya. "Ashe bebiyar gidan nan tana da harshe?"

"Ke!" in ji Baffa. "Yaushe aka haife ki? Ni za ki koya wa jinyar ƙanina? Fita ki ba mu wuri!"

Ban fita ba. Sai ga muryar Umma daga bayan labule, ita da ko sunan Baffa ba ta iya kamawa don kunya.

"Yaya, ka yi haƙuri, gaskiya ta faɗa. Ga takardar nan." Ta miƙo ta ta gefen labule, duk ta yamutse. Baffa bai karɓa ba. Ya shuri takalmansa, sauran suka bi shi.

Kafin la'asar labari ya kai bakin famfo: gidanmu an kori 'yan dubiya, an bar yarinya tana zagin manya. Wasu mata suka daina amsa gaisuwar Umma. Ni kuwa kullum na dawo makaranta sai in shimfiɗa tabarma a zaure da littattafaina. Duk wanda ya zo, kaina a ƙasa, in ce masa mutum biyu-biyu ake shiga, ya faɗi sunansa da kansa, kada ya yi tambaya. Wasu sun juya da ledarsu. Ban bi su da ban haƙuri ba, kuma har yau ban ga laifina ba.

Magana ta riƙa dawo wa Baba kaɗan-kaɗan. Ba duka ba. Yakan kira buta kofi, yakan fusata idan rediyo da mutum suka haɗu a kunnensa. Amma ya daina juya wa ƙofa baya.

Baffa ya yi kwana goma sha shida bai taka gidanmu ba, ko da yake bai fasa ba albasar ruwa ba. Ranar da ya zo, shi kaɗai ne. Na tashi zan faɗa masa ƙa'ida, ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Na bi shi har ƙofar ɗaki. Ya durƙusa, ya yi gyaran murya, sai bakinsa ya riga shi.

"Ka gane ni?"

Na dubi yatsan Baba. Yana kwance a kan bargo, bai motsa ba. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Na gane ka," ya ce. "Kai ne... mai tambaya."

Baffa ya zauna sosai a kan tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ni ne yayanka," ya ce a hankali. "An fara cire albasa."