Yadda Muka Warkar da Yayana

Yayana rodin gini yake sayarwa a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja, shekara goma sha wani abu, kuma duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa cewa kansa da motsi. A layinsu kowa ya san rodi iri biyu ne. Akwai cikakke, akwai wanda aka rage wa kauri tun daga inda aka ƙera shi, amma a baki sunansu ɗaya. Ɗan kwangila zai ce a ba shi mai kaurin milimita sha shida, a loda masa siririn. Shi ya sani, mai shago ya sani, direban motar ma ya sani. Wanda zai zauna a ƙarƙashin ginin ne kaɗai ba a gaya wa.

Ana nan sai wani bene da ake ginawa ya rufta da leburori a ciki. Yaya ne ya kai rodin wurin, don haka ya je ya gani da idonsa. Washegari ya sayo wani ɗan ma'auni na ƙarfe mai baki kamar filaya, ya zura a aljihun gaba. Duk wanda ya zo saye, sai ya ciro shi, ya kama rodin a gabansa, ya ce, "Wannan bai kai ba. In bene za ka ɗora, kada ka saya."

To, daga nan fa aka ce Yaya ya taɓu.

Kawunmu, wanda ya buɗe masa shagon tun farko, shi ya kira ni a waya. Ya ce, "Ɗan'uwan nan naka ba nomal yake ba. Mutum ya zo saye, shi yana korarsa. 'Yan layi duk sun kawo min ƙara, wai yana ɓata musu kasuwa. Ka zo a san abin yi."

Ba zan ɓoye ba, Yaya ba ya barci, ba ya cin abinci, ya rame har wandonsa na zamewa, kuma an taɓa samunsa yana hawaye a bayan shago. Amma maƙwabtansa, waɗanda suka sayar da irin wannan rodin ga gine-gine ba adadi, suna nan suna narkar tuwo da miyar kuka, suna gyatsa. Su ne masu lafiya. Wanda mutuwar leburori ta hana shi haɗiye loma, shi ne abin a kai wa malam. An kuwa kai shi, aka yi masa ruƙiyya har sau uku, aljani bai yi magana ba.

Ni ɗan boko, sai na ce asibiti za mu. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta saurare shi kusan awa guda. Ta rubuta magani, sannan ta dube ni ta ce, "Rashin barcin da damuwar za mu yi wa magani. Awon rodi kam ba ciwo ba ne." Da kunnena na ji. Amma da muka koma gida, abin da na gaya wa dangi shi ne an ba shi magani, zai samu sauƙi. Ragowar maganar na haɗiye ta, don na san ba ita ake son ji ba.

Duk sati Kawu zai kira. Bai taɓa tambaya ko Yaya ya yi barci ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Ya daina awon nan?" Da haka muke gane sauƙinsa. Matar Yaya ta roƙe shi, abokai suka yi masa nasiha, ni ma na zaunar da shi na ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka zama kamar kowa mana." Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan wasu watanni ya daina. Ya murmure, ya yi tumbi, shago ya cika da jama'a. Kawu ya yi sadakar waina, aka yi ta barka, wai Yaya ya dawo daidai. Abin yana ci min rai. Mun tarar da mutum ɗaya a layi guda wanda zuciyarsa ke aiki, muka taru muka yi mata rubdugu har ta yi shiru, sannan muka gode wa Allah.

Bara ginina na Orozo ya kai rufin kankare, na je wurinsa sayen rodi. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka fara lodi. Na dubi rodin, sai na ga kamar siririn ne.

Na ce, "Yaya, wannan cikakke ne?"

Ya ce, "Shi kowa ke sawa."

Na ce, "Ina ma'aunin nan naka?"

Sai ya fashe da dariya, ya juya wajen maƙwabtansa. "Kun ji oga, shi ma ya fara! Ko mu kai ka wajen likitar nan ne?"

Layi ya ɗauki dariya. Ni ma na yi. Wallahi kunya ce ta kama ni, tsoron kada a ce ni ma na taɓu. Na tsaya ina kallo har aka gama lodi, na bi motar zuwa Orozo.

Yanzu mun tare. 'Ya'yana mata uku a ƙarƙashin wannan rufin suke wasa, a nan suke cin abinci. Wani lokaci ina zaune a falo sai in tsinci kaina na ɗaga kai ina bin kankaren da ido, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Matata ta ce, "Lafiya dai?"

In ce mata, "Lafiya lau."